Salansar tsohuwar motar gudu a Legas: a fara da ƙarfe da faɗin bututu kafin a zo kan ƙara

Idan aka ɗaga MGB, ko Datsun 240Z, ko Marsandi SL da ta sha damina uku ko huɗu a Legas, aka shiga ƙarƙashinta da tocila, kusan kullum wuri ɗaya ake samun ɓarna: tukunyar salansa ta baya. Daga nesa lafiya lau take. Amma ka bi ɗinkin da ke ƙasanta da yatsa, za ka ji ƙarfen ya kumbura ya yi ɓawo-ɓawo kamar jikin tsohuwar bishiya. Ka ɗan danna da sukundireba sai ya shige, baƙin ruwa mai wari ya biyo baya. Mai motar zai ce ai ko fita ba ya yi da ita sai ranar Lahadi. To, rashin fitar ne ya cinye ta.

Duk litar fetur da injin ya ƙona tana fitar da kusan litar ruwa guda a matsayin tururi. In mota ta yi doguwar tafiya, bututun yana yin zafi tun daga gaba har baya, tururin ya fice abinsa. In kuwa tayar da ita kawai aka yi a gareji ta yi silo na minti goma aka kashe, gaba ne kaɗai ya ji wuta, tukunyar baya tana nan da sanyinta. A nan tururin yake komawa ruwa, ya haɗu da burbushin farar wutar da ke cikin mai, ya zama ruwa mai cin ƙarfe, ya kwanta har mako ya zagayo. Daga waje kuma ga iskar teku mai gishiri, musamman ga motar da ke kwana a Lekki, Ikoyi ko Victoria Island, ga ambaliyar watan Yuni da Yuli. Ciki da waje ake cinta. Shi ya sa a garin nan tambayar farko ita ce da wane ƙarfe aka yi salansar. Maganar irin kukan da za ta yi daga baya take zuwa.

Baƙin ƙarfe shi ne abin da yawancin motocin nan suka fito da shi daga kamfani. Yana da araha, kowane mai walda ya iya shi, kuma gaskiya ƙararsa ta fi taushi a kunne. Amma ga motar da ba a fita da ita kullum, a Legas ba ya daɗewa. Wanda aka shafa wa alminiyam ya ɗan fi shi juriya, sai dai duk inda aka yi walda shafen ya ƙone, kuma daga nan tsatsa take kama hanya.

Sitenlas kuma, wato ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, ba iri ɗaya ba ne, a nan mutane da yawa suke asarar kuɗinsu. Mai lamba 409 kuromiyam ɗinsa kusan kashi 11 cikin 100 ne, maganaɗisu yana kama shi, kuma fatarsa tana yin ja da tsatsa, amma ba ya saurin hujewa. Shi kamfanonin mota na zamani suka fi amfani da shi. Mai lamba 304 yana da kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8, shi ne wanda ya dace da yawancinmu. Mai lamba 316 an ƙara masa molibdinam kashi 2 zuwa 3, ya fi kowanne jure gishiri, wanda gidansa ke bakin ruwa kuma aljihunsa zai ɗauka ba zai yi nadama ba. Akwai 321 da ake yin heda da shi, wato bututun da ke karɓar hayaƙi daga jikin injin, saboda yana jure wuta mai tsanani. Sai kuma 201, wanda shi ne tarkon. Yana ƙyalli kamar 304, maganaɗisu ba ya kama shi kamar yadda ba ya kama 304, amma an rage masa nikel an cike da manganis. Da shi ake yin ƙarafunan bene masu araha, kuma kowa ya ga yadda suke yin ɗigo-ɗigon tsatsa a gidajen bakin teku. Don haka gwajin maganaɗisu bai isa ba. Nemi lambar da aka buga a jikin bututun tun kafin a yanka, ko ka sayi bututun da kanka ka kai wa mai aiki. Kauri kuma kada ya gaza milimita 1.5. Na 1.2 ya fi sauƙin nauyi, amma yana da wata ƙara kamar ta gwangwani, kuma dutse ɗaya ya isa ya loɓa shi.

Bututun ruwa mai shafen tutiya, wanda wasu masu walda na bakin titi suke lanƙwasawa su haɗa salansa da shi, kada ya kusanci motarka. Ya yi nauyi da yawa ga robobin rataya, kuma hayaƙin tutiyar idan ta ji wuta guba ne ga mai waldar kansa.

Walda ita ma rabin aikin ce. Sitenlas yana son waldar agon. In 304 ne da 304 za a haɗa, sandar 308L ake sa wa. In sitenlas za a haɗa da baƙin ƙarfe, 309L. Ka karɓi guntun da mai waldar ya gama ka leƙa cikinsa da tocila. In ka ga bayan ɗinkin sumul, launin azurfa ko ruwan ƙasa-ƙasa, ya cika cikin bututun da iskar agon kafin ya yi aiki, ya san sana'arsa. In ka ga baƙi ƙirin mai gyaɗa-gyaɗa kamar sukarin da ya ƙone a tukunya, kuromiyam ɗin wurin ya lalace, kuma a nan zai fara tsagewa komai kyan wajensa. Wanda ya ɗauko sandar baƙin ƙarfe ya ɗinke maka sitenlas da ita, ya mayar da kuɗinka tsatsa a kowace gaɓa.

Sai faɗi. An daɗe ana cewa injin yana buƙatar a ɗan toshe masa hanya kafin ya yi ƙarfi, wasu kuma suna cewa ƙara faɗi ƙara gudu. Duka biyun ba daidai ba ne. Abin da injin yake so shi ne hayaƙi ya fita da sauri ba tare da cikas ba. Kowane bugun hayaƙi da ya wuce cikin bututu da gudu yana barin wani ɗan zuƙo a bayansa, wannan zuƙon ne yake taya silinda ta gaba fitar da nata hayaƙin, har ya taimaka wajen jawo sabon mai da iska. In bututu ya yi faɗi fiye da kima, hayaƙin sai ya yi sanyi ya rage gudu, zuƙon ya ɓace, motar ta yi nauyi a ƙananan juyi. Mu kuwa a nan, tsakanin gosulon Ikorodu Road da na gadar Third Mainland, rayuwar injin kusan duk a ƙasa da juyi 3,000 a minti take.

Lissafin da masu wannan aiki suke bi, ga bututu guda ɗaya: inci 1¾ yana ɗaukar ƙarfin doki kusan 105, inci 2 kusan 145, inci 2¼ kusan 185, inci 2½ kusan 230. MGB mai injin 1,798cc ƙarfinta wajen doki 95 ne, don haka 1¾ ya ishe ta, sai in an yi wa injin aiki sosai a kai ta inci 2. Datsun 240Z mai silinda shida da 2,393cc tana wajen doki 150, inci 2¼ ya yi mata daidai, 2½ kuma sai wadda aka canza wa kamshaf da kafireto. A lura, daga inci 2 zuwa 2½ ba ƙaramin tsalle ba ne, domin filin da hayaƙi ke bi a ciki ya ƙaru da fiye da rabi. A kuma duba yadda aka lanƙwasa bututun. Injin lanƙwasa na gama-gari yana matse kwanar ta tsuke, bututun inci 2¼ ya koma kamar na inci 2 ko ƙasa da haka a daidai wurin. Mafita ita ce a sayi kwanoni da aka riga aka lanƙwasa da sanda a ciki, masu digiri 45 da 90, a yanka a haɗa da walda.

Heda, wato manifol ɗin da aka yi da bututu ɗaiɗai maimakon ƙarfen zubi, ita ce kowa yake sha'awa domin tana da kyan gani idan aka buɗe bonet. Ra'ayina shi ne yawancin motocin Legas ba sa buƙatarta. Ɗauki MGB. Silinda biyu na tsakiya ƙofar hayaƙi ɗaya suke tarayya a kai, shi ya sa manifol ɗinta reshe uku gare shi, ba huɗu ba. Na kamfani mai bututu biyu a ƙasa yana fitar da hayaƙi yadda ya kamata, kuma kaurinsa yana riƙe zafi da ƙara. Heda mai siririn jiki tana watsa zafi cikin ɗakin injin, ga kafireto SU guda biyu zaune daidai samanta domin shiga da fita duk a gefe ɗaya suke. A gosulo da rana tsaka mai zai tafasa a kofin kafireto, motar ta mutu, ta ƙi tashi sai ta huce. Inda canji ya zama dole shi ne MGB ɗin Amurka daga 1975 zuwa 1980, mai kafireto Zenith-Stromberg guda ɗaya da manifol ɗin da aka haɗe shiga da fita a jiki ɗaya. Wannan yana shaƙe injin sosai, komawa tsarin kafireto biyu da tsohon manifol gyara ne na gaske.

Wanda ya nace sai heda, ya zaɓi mai haɗa bututu biyu-biyu kafin su zama ɗaya, ko uku-uku ga mai silinda shida, domin ita ce ke ba da ƙarfi a tsakiyar juyi. Mai haɗewa gaba ɗaya a wuri guda ta filin tsere ce. A shafa mata yumɓun kare zafi na siramik, a mayar da farantin tare zafi tsakaninta da kafireto. Naɗa mata ƙyallen zafi yana rage wuta, amma a damina ƙyallen yana shan ruwa ya riƙe, in baƙin ƙarfe ne a ciki zai ruɓe a ɓoye.

Akwai abubuwa uku da suke sa kayan da aka yi oda daga Ingila ko Amurka su iso Apapa ko filin jirgin Ikeja su ƙi shiga. Na farko gefen sitiyari. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972, don haka akwai tsofaffin motoci masu sitiyari a dama, akwai masu shi a hagu, akwai kuma waɗanda aka juya a gareji. A MGB da 240Z hayaƙi ta hagun injin yake fita, sandar motar da sitiyarinta ke hagu ta nan take bi, hedar da aka yi wa ɗaya ba lallai ta wuce a ɗayar ba. Na biyu siffar ƙofa. A injinan Datsun, kan injin mai lamba E31, E88, N42 ko P90 ƙofar hayaƙinsa mai kusurwa huɗu ce, N47 da P79 kuma zagayayya. Motar da ta shekara hamsin wataƙila an sauya mata kai, don haka a karanta lambar a jikin ƙarfen ta gefen filogi, kada a dogara da shekarar mota. Na uku kaurin leɓe, wato farantin bakin manifol da ake ɗaurewa a kan injin. A waɗannan injinan, manifol ɗin shiga da na fita washa ɗaya ce mai kauri take danne su tare a kan kusa ɗaya. In leɓen hedar ya fi na ɗan'uwansa siranta ko da milimita 2 ne, washar za ta karkace, gefe ɗaya ya ɗauru ɗayan ya saki, iska ta riƙa shiga ko hayaƙi ya riƙa fita. A auna kafin a biya, in an riga an saya a yi wa washar mataki ko a ɗana ɗan ƙarfe a cike bambancin.

Mai yin oda ta jirgin sama ya tuna cewa da girman kwali ake caji, ba nauyi kaɗai ba. Salansa mai gaɓa uku ko huɗu ta fi doguwa guda ɗaya sauƙin kawowa nesa ba kusa ba. Sau da yawa ma abin da ya fi shi ne a kawo tukwane da kayan haɗi kawai, a yi bututun a nan a jikin motar. Robobin rataya, kilam (maɗaurin gaɓar bututu) da gaskit ana samun masu kama da su a kasuwannin kayan mota na Ladipo ko ASPAMDA, amma a tafi da tsohon a hannu a gwada.

Yin bututun a jikin mota yana da wata fa'ida da ta shafi titunanmu: tsayi daga ƙasa. Jaguar E-Type da MGB ta kafin 1974 a ƙasa suke sosai, kuma salansa ce abu na farko da tudun rage gudu na cikin unguwa yake duka. Tukunya mai siffar ƙwai a kwance ta fi zagayayya ɓuya. Kunnen kilam a juya shi gefe, kada ya kalli ƙasa, domin shi yake kama kwalta ya fizge gaɓa. A bar aƙalla milimita 25 tsakanin bututu da jikin mota, tiyon mai da na burki kuma a ba su ninkin haka ko a sa faranti a tsakani. Sitenlas yana miƙewa da zafi fiye da baƙin ƙarfe: bututun mita 3 zai iya ƙara wajen milimita 15 idan ya yi zafi sosai. Saboda haka a rataye robobin suna ɗan karkata gaba lokacin da yake da sanyi, don in ya miƙe su daidaita. In an ɗaure shi tamau ba wurin motsi, walda ce za ta biya.

Yanzu a zo kan ƙara. Tukunya iri biyu ce. Akwai mai bututu miƙaƙƙe mai huji-huji da aka kewaye da audugar gilashi ko ta ƙarfe. Ba ta tare hayaƙi, tana shanye kaifin sauti, amma audugar tana ƙonewa da shekaru, kuma in ta sha ruwan ambaliya sai ta dunƙule, ƙara ta ƙaru. Akwai mai ɗakuna a ciki da ke juya hayaƙin. Ta fi kashe ƙugi mai zurfi kuma ba ta da abin da zai jiƙe. Haɗin da ya fi dacewa da motar titi shi ne ƙaramar miƙaƙƙiya a tsakiya, babbar mai ɗakuna a baya. Kuskuren da aka fi yi shi ne cire ta tsakiyar. A gareji sautin zai burge, amma a kan hanyar Epe, ana tafiya a gudu ɗaya, wani gunji zai cika cikin motar har kai ya yi ciwo. Ana iya lissafa shi: juyin injin a raba da 60, a ninka da rabin yawan silinda. Silinda huɗu a juyi 3,000 bugu 100 ke nan a daƙiƙa, silinda shida a 2,500 kuma 125, kuma tsakanin nan ne ɗakin mota yake amsawa kamar ganga. In an riga an shiga wannan matsala, ana ɗinka wani reshen bututu mai rufaffen baki a gefe, tsawon santimita 70 zuwa 90, a riƙa rage shi kaɗan-kaɗan har gunjin ya kwanta. Ga maƙwabta kuma a yi la'akari da su. LASEPA, hukumar kare muhalli ta jihar Legas, tana karɓar ƙorafin hayaniya, kuma gwajin lafiyar mota na jihar yana duba hayaƙi.

Abin da makanikai suke kira indomi, wato matatar hayaƙi, motocin Amurka sun fara zuwa da ita daga 1975. Wadda ba ta fito da ita daga kamfani ba, ba ta buƙata. Marsandi 450SL ta Amurka ta 1975 da 1976 tata tana cikin ɗakin injin ne dab da manifol, kuma an san ta da dafa mai a tiyo. Mayar da ita ƙarƙashin mota yana kawo sauƙi. 380SL da 560SL suna da na'urar auna iskar hayaƙi, sabuwar salansa dole ta zo da ramin da za a ɗaura ta, in ba haka ba motar za ta riƙa shan mai ba bisa ƙa'ida ba.

Ko motar ba ta da wannan na'ura, a sa mai walda ya ɗinka ramin mai zaren M18 bayan mahaɗar bututu, yana kallon sama kaɗan don kada ruwa ya taru a kai, a toshe da noti. Dalili shi ne salansa mai sakin hayaƙi tana sa injin ya ja iska fiye da da, allurar kafireto kuwa ba ta san an yi canji ba, mai sai ya yi kaɗan. Alamunsa: filogi ya yi fari fat, injin yana zafi, yana tari in an taka totur. A bar shi haka bawul zai ƙone. Da na'urar awo a wannan rami za a ga gaskiya, wato nauyin iska nawa ke shiga a kan kashi ɗaya na mai. Abin da ake so shi ne wajen 14.7 a tafiya ta hankali, 12.5 zuwa 13 in an take totur har ƙasa. In ya haura haka a canza allura. Marsandi masu tsarin fesa mai na K-Jetronic, daga 1976, suna auna iskar da ke shiga don haka suna ɗan gyara kansu. Masu D-Jetronic na kafin nan ba sa yi, sai an duba su.

Ranar ɗaurawa, a jiƙa notocin manifol da man sassauta tsatsa tun daren jiya. Wanda ya ƙi motsi a gasa shi da wuta, kada a ƙara wa sifana bututu, domin kusar da ta karye a cikin kan injin aikin kwana biyu ce. A duba robobin da injin yake zaune a kai, in sun mutu injin zai riƙa rawa ya tsaga sabuwar salansa. A ɗora ruler ta ƙarfe a fuskar leɓen a tabbatar ba ta banƙare ba. Sabon gaskit, notocin tagulla, ɗan man jan ƙarfe a zare. A rataye komai sako-sako daga gaba zuwa baya, a daidaita, sannan a ɗaure daga gaba zuwa baya. Kilam mai faɗi kamar ɗamara ya fi mai siffar U, wanda yake matse bututu har ba ya sake rabuwa. A goge sitenlas da tinna kafin a tayar, in ba haka ba shatin yatsu zai gasu a jiki ya zauna.

A huda rami na milimita 3 a mafi ƙasan tukunyar baya don ruwa ya samu mafita. Bakin salansa ya wuce bamba da ɗan yatsa biyu ko uku. 240Z da MGB GT suna zuƙo hayaƙi ta ƙofar baya in robarta ta tsufa, kuma iskar da ke kisa a cikin hayaƙi ba ta da wari. Da injin yana silo, a danne bakin da tsumma na daƙiƙa biyu uku: in akwai yoyo za a ji shi yana tsaki a gaɓar. Bayan motar ta yi zafi ta huce sau biyu ko uku, a koma kan notocin manifol da kilam a ƙara ɗaure su, domin gaskit ya kwanta. Tsohon manifol na kamfani kuma a shafa masa mai a ajiye, ko da an sa heda, domin mai sayen irin waɗannan motoci yana tambayarsa.